Mayar da batirin mota cikin but: ina ribar, ina haɗarin?

Waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba, ga shirin a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganar mota za mu yi. Wani ɗan'uwa matashi da ke jigila da Golf tsakanin Gumel da Maigatari ya aiko da tambaya. Ya ce batirinsa ba ya shekara, da bazara ta kama sai ya fara kasala, kafin damina ta sauka ya mutu. Sai wani ya ba shi shawara ya cire shi daga gaban mota ya mayar da shi but, wai ai haka manyan motoci suke. Shin a yi ko kar a yi?

To, malam, ana yi. Idan an yi shi daidai yana aiki lafiya lau. Sai dai aikin ya wuce a sayo waya a ja ta baya a ɗaure, kuma but ɗin motocinmu na wannan yankin ba irin but ɗin da masu wannan dabarar suka yi lissafi da shi ba ne. Za mu zo kan wannan, don nan ne maganar ta fi nauyi.

Wanda ya ba ka shawarar nan bai yi ƙarya ba. Zafi ne babban makashin batir a wajenmu. A ƙasashen Turai sanyi ke hana mota tashi, mu kuwa rana ce ke cinye batirin tun yana sabo. Masu ƙera batir suna auna shi ne a zafin digiri 25, kuma lissafin da aka saba yi shi ne, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana iya rage rabin kwanan batirin. Yanzu ka duba watan Afrilu da Mayu a Maigatari ko Sule Tankarkar, inda zafin inuwa ma yake haura digiri 40. Wannan a waje ke nan. A ƙarƙashin bonet, kusa da inji da lagireto, ga lodi, ga mota tana tafiya a giya ta biyu cikin yashi, abin ya wuce haka nesa. Ruwan batir yana ƙafewa, farantan ciki suna cinyewa, rannan sai ka murɗa makulli ka ji "ƙyas, ƙyas", shi ke nan, a zo a tura.

Kuma da gaske ne akwai motocin da kamfani da kansa ya sa batirin a baya. BMW da yawa a but yake. Marsandi C-Class ta shekarun 1990 a but yake, E-Class ɗin da ta fito a 1995, mai zagayayyun fitilun nan, a ƙarƙashin kujerar baya aka ɓoye shi. Toyota Prius ma ƙaramin batirinta a baya yake a yawancin samfurinta. Dalilansu su ne raba nauyi tsakanin gaba da baya, samun fili a wajen inji, da kuma nisanta batirin daga zafi. Amma je ka buɗe but ɗin BMW ka leƙa. Za ka ga rami na musamman da aka yi wa batirin, da ƙarfen da ya danne shi, da siririn tiyo da ya fita waje, da waya mai kaurin yatsa. A da yawa daga cikinsu har wata na'ura aka sa a kan batirin da ke tsinke wutar da kanta idan an yi karo. Injiniyoyi suka zauna suka tsara wannan tun daga takarda. Kai kuma za ka yi naka a bakin tasha cikin awa biyu, don haka dole ka san me kake kwaikwayo.

Bari mu fara da waya, don nan ne araha take fara cutar mutane.

Lokacin da ka murɗa makulli, kik ɗin ƙaramar mota mai fetur yana jan wuta kamar ampiya 150 zuwa 250. Mai dizal ya fi haka. Don ka gane girman abin, mai walda da ke haɗa ƙofar ƙarfe a unguwarku yawanci da ampiya 100 ko kusa da haka yake aiki. Idan batir yana gaba, wayar da ke kai wannan wutar ba ta fi mita ɗaya ba. Idan ka kai shi but, ta zama mita 4 zuwa 5. Duk tsawon da waya ta ƙara, wuta tana zubewa a hanya, kamar dai ka ja ruwa daga rijiyar burtsatse da dogon siririn tiyo, ya iso gona yana ɗiga.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 16, wato milimita sikwaya 16, idan tsawonta mita 5 ne kuma ampiya 200 ta bi ta ciki, za ka rasa sama da bolt 1 a hanya. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wutar, batirin mota kuma 12 ne da 'yan kai. Za ka ce ai bolt 1 ba komai ba ne. To, a daidai lokacin da kik yake juya inji, batir mai lafiya ma yana sauka zuwa wajen bolt 10, ka cire 1 a ciki, sai ka ji mota tana nishi kamar batirin ya mutu alhali sabo ne. Mai kaurin 35 rabin bolt take zubarwa. Mai kaurin 50 kuwa kamar kashi ɗaya cikin uku na bolt. Shi ya sa kar a sauka ƙasa da 35, idan aljihu zai ɗauka a sa 50. Wayar injin walda ta asali tana da kyau a wannan aikin, tana da laushi, tana lanƙwasuwa, robarta tana da jimiri.

Sai a kula da wata waya da ta cika kasuwa, kana ganin ta ja jawur kamar jan ƙarfe, alhali alminiyam ce aka yi wa fenti da jan ƙarfe. Wutar da take ɗauka ba ta wuce kashi 60 da 'yan kai cikin 100 na ta gaskiya ba, ga saurin karyewa a bakin kai. Ka kankare silinta da wuƙa, idan ka ga fari a ciki, mayar masa da kayarsa. A hannu ma za ka ji ta shafal, ba nauyi.

Yauwa. Yanzu fiyus. Idan duk abin da na faɗa yau za ka manta, kar ka manta wannan.

Wayar nan ja da ka ja daga but zuwa gaba, wuta tana cikinta dare da rana, ko mota tana kashe, ko makulli yana aljihunka. Bodin mota kuma gaba ɗayansa shi ne baƙar waya. Abin da ya raba su 'yar robar da ke jikin wayar ce kawai. Ka tuna irin hanyoyin da muke bi, ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauyukan Gagarawa, ga gargada, ga burji, mota tana jijjiga awa da awanni. Duk inda wayar ta jingina da bakin ƙarfe, a hankali yana cin ta. Ranar da ya kai ga silin, batirin zai juye ɗaruruwan ampiya a wuri ɗaya. Wayar za ta yi ja, robar ta kama, kafet ya kama, kuma kashe makulli ba zai tsayar da komai ba. Kafin ka nemo sifana ka kwance kan batir, aikin gama ya gama.

Maganin shi ne babban fiyus a jikin jar wayar, daf da batirin, kar ya wuce taƙi ɗaya ko biyu daga kan batirin. Idan ka sa shi can gaba wajen inji, duk mita huɗun da ke baya ba su da mai tsaro, ka yi aikin banza. Girmansa ya danganta da kaurin wayar da kuma motar, a ƙananan motoci masu waya 35 ko 50 yawanci tsakanin ampiya 200 da 250 ake sawa. Wanda ya yi ƙanƙanta zai riƙa ƙonewa duk tashin mota, daga nan sai wani ya ce a ɗaure wurin da waya kawai a huta. Don Allah kar a yi. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Wasu gwanayen masu wayarin suna da wata dabara, su sa sulunoid a but, ta yadda babbar wayar ba ta ɗaukar wuta sai lokacin tayar da mota, sannan su ja wata daban mai nata fiyus don caji. Dabara ce mai kyau, idan ka samu wanda ya iya.

Hanyar da wayar za ta bi, ta cikin mota ta fi, gefen dokin ƙofa a ƙarƙashin kafet, a cikin tiyo, a ɗaure ta duk bayan taƙi biyu. Duk inda za ta huda ƙarfe a sa zoben roba. A nisanta ta daga salansa, da bututun mai, da na birki, da layin da kujera ke zamewa a kai. Masu bi da ita ta ƙarƙashin mota su ɗaure da igiyar roba, su tuna kututture da tudun yashi suna jira.

Baƙar waya kuwa gajeriya ake yi, kaurinta ɗaya da jar, a ɗaure ta a ƙarfe mai ƙwari a nan bayan, a kankare fenti har sai ƙarfe ya yi ƙyalli. Kar a manta da wayar da ta haɗa inji da bodi a gaba, don yanzu duk wutar kik ta nan za ta dawo. A tsofaffin motocinmu sau da yawa ta ruɓe, a sabunta ta. Motocin zamani kuma wasu suna da 'yar na'ura a kan baƙin kan batir mai gaya wa kwamfutar mota yanayin caji, idan an jefar da ita caji zai rikice.

Sai ɗauri. Batirin ƙaramar mota kilo 12 zuwa 20 ne, darma da asid. Na sha ganin batir a but an tokare shi da safaya da tsumma, ko an ɗaure da robar tayar babur. A ce kana gudun kilomita 80 a hanyar Gujungu, saniya ta faɗo, ka taka birki ko ka daki wani abu. Motar ta tsaya, batirin bai tsaya ba. A Golf, babu komai tsakaninsa da bayan fasinja sai jinginar kujera. Dole a yi masa tire na ƙarfe, a ɗaure da noti ta cikin bodi da manyan wasa a ƙasa, a danne shi da ƙarfe ta sama. Kafin mai huda ya huda, ya sunkuya ya leƙa, don tankin mai a yankin nan yake.

To, mun iso inda na ce maganar ta fi nauyi.

Bature mai mayar da batir but don tseren mota, but ɗinsa fayau yake. Namu fa? Je ka tsaya bakin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka kalli abin da ake cusawa a bayan Golf da Sharon. Buhunan riɗi, soɓo, gero, awaki a ɗaure, ƙarafunan garma, tukunyar gas, but a buɗe an ja igiya. Sannan ga jarka. Mu mutanen kan iyaka mun san jarka. Tun watan Nuwamban 2019 da hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, direban wannan yankin ya saba da ajiye jarkar fetur a baya, kuma sabo ba ya barin mutum da wuri.

Ka haɗa waɗannan da batir ka gani. Batir idan yana caji yana fitar da wata iska, haidurojin, ba ta da launi ba ta da wari. Idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, ƙyastu ɗaya ya ishe ta. A ƙarƙashin bonet iska tana kwashe ta, a rufaffen but taruwa take. Ita haidurojin sama take yi. Tururin fetur kuma ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda batirin yake zaune, kuma bai kai kashi 2 cikin 100 ba yake kamawa. Saura me? Tartsatsi. Kan batir ya yi sako-sako, ko sifanar taya ta gangaro ta haɗa kawuna biyu, ko yaron mota ya zo jona wa wani wuta ya ɗana waya a nan cikin but. Mu a Jigawa ba sai an yi mana dogon bayani kan wutar fetur ba, abin da ya faru a Majiya cikin watan Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu, har yanzu yana zukatanmu. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Wannan matsalar ba sabuwa ba ce. Volkswagen Beetle, 'yar ƙurmusasshiyar nan da aka riƙa haɗawa a Legas, batirinta a ƙarƙashin kujerar baya yake. An san ta da cewa idan murfin batirin ya ɓata, mutum mai jiki ya zauna, sifirin ɗin kujerar sai ya taɓa kawunan batirin, hayaƙi ya tashi a ƙarƙashinsa. Ku tambayi tsofaffin direbobi. Murfi ɗaya ne ya raba lafiya da gobara.

Saboda haka batirin but sai da akwati mai murfi da ke rufuwa ruf, da tiyon numfashi da ya huda ya fita ƙarƙashin mota. Batiran da ba a zuba wa ruwa, yawancinsu suna da 'yar ƙofa a gefe da gefe, a toshe ɗaya, a sa tiyo a ɗayar. Wanda ake kira AGM ya fi dacewa da cikin mota don ba ya zubar da asid, sai dai kuɗinsa ya fi, kuma shi ma ana so a ba shi hanyar numfashi. Wanda ya mayar da motarsa mai amfani da gas, irin tsarin da gwamnati ta riƙa tallatawa bayan cire tallafin mai a 2023, tukunyar ta riga ta zauna a but, ni dai ba zan ba shi shawarar ya kai mata maƙwabci mai tartsatsi ba.

Ɗan'uwa mai tambaya, ga ra'ayina kai tsaye. A motar haya irin taka, mai but haɗe da wurin fasinja, mai ɗaukar lodi kullum, kar ka yi. Garin neman gira za a rasa ido. Kuɗin waya mita 5 ta jan ƙarfe, da fiyus, da akwati, da walda, da ladan mai aiki, ka lissafa ka gani ko bai kama hanyar kuɗin sabon batir ba. Ga filin buhu guda da za ka rasa duk sawu. Kuma but ɗin ma ba firji ba ne, motar da ta wuni a rana bayanta ma tanda ce, sai dai bai kai kusa da inji ba.

Kafin ka ɗora wa zafi laifi duka, a gwada cajin motarka. A sa mita a kan batir. Mota a kashe, cikakken batir yana nuna kamar bolt 12.6. Inji yana aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. Idan ka ga ya doshi 15, altanato ce ke dafa maka batir, ko ka kai shi but, ko ka kai shi kan rufi, mutuwa zai yi. Batira da yawa da ake cewa rana ta kashe, caji ne ya yi musu yawa, ko kuma jijjiga, don ba a ɗaure su ba. Ka duba ƙarfen da ke danne batirinka, yana nan kuwa? Rigar nan da wasu motoci ke zuwa da ita a jikin batir, wadda yaran gareji ke cirewa su yar, ta kare zafi ce, a mayar da ita. In babu, a sa faranti tsakanin batir da inji, a bar 'yar tazara iska ta riƙa wucewa. Idan mai murafu ne, ka riƙa leƙa ruwansa duk sati biyu a lokacin bazara, ka ƙara tataccen ruwan batir. Ban da asid, ban da ruwan rijiya, ban da fiya wata. Farin garin da ke taruwa a kai kuma, ruwan kanwa yana wanke shi tas, a dai kula kar ya shiga cikin batirin, a shafa ɗan giris bayan an ɗaure.

Wa ya kamata ya yi, to? Mai motar gida da but ɗinta a ware yake, wanda ba ya ɗaukar jarka, kuma yana da dalili na gaske, misali an canza inji wuri ya ƙare, ko asid ya cinye mazaunin batirin har ba ya gyaruwa, ko yana son babban batir da ba zai shiga gaba ba. Shi wannan ya nemi mai wayarin da ya san aikinsa, ya tambaye shi tun kafin a taɓa komai: maigida, waya mai kaurin nawa za ka sa, a ina fiyus zai zauna, ta ina tiyon numfashi zai fita? Idan ya ce maka "haba, ba sai da fiyus ba, mun sha yi", ka yi masa godiya ka ja motarka. Ka kuma roƙe shi ya bar maka wurin jona wuta a gaba, mai murfin roba, don ranar da za a taimaka maka ko ka taimaki wani, a yi tartsatsin can nesa da batirin. A lokacin aikin, baƙin kai ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe.

Bayan an gama a gwada a gabanka. A sa mita tsakanin jan kan batir da kan kik, da doguwar waya, a tayar da mota, abin da ya zube kar ya wuce rabin bolt. Ka tayar sau uku a jere, ka bi wayar da hannu, musamman wajen kawuna da fiyus. Inda ka ji ɗumi, ɗaurin wurin bai yi ba, a sake shi. Bayan sati biyu kana hawa, ka ɗaga kafet ka bi ta daga baya har gaba, ka duba ko akwai inda ƙarfe ya fara gogar robar.

Masu wayarin da ke bibiyar mu daga Gumel da kewaye, idan akwai motar da kuka yi wa wannan aikin, ku faɗa mana kaurin wayar da girman fiyus ɗin da kuka sa, da yadda ta kasance bayan bazara ɗaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya tsare hanya.